Hankalin Tanki

Duk daren da suka kawo wuta ƙarfe biyu,
injin ruwanmu ya hau gurnani, ba mai tashi ya kashe.
Kafin asuba tanki ya ƙoshi ya yi amai,
kaji sun haye turmi, takalma na iyo,
ni da jikata Zuwaira muna kwasar ruwa.

Shekara ashirin da shida na yi a masaƙar Kakuri,
na san ciwon inji tun daga tarinsa.
Amma da yarinyar nan ta ce, "Kaka, mu sa masa hankali,"
sai na ji kamar an ce in koyi rarrafe
bayan furfura ta gama fitowa.

Muka haye gada a bas ɗin Makera,
sai rumfar Jatau, can bayan babbar kasuwa,
inda wayoyi ke reto kamar hanji gun mahauta.
Ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya jera guda uku,
ƙananan alluna, kowanne da 'yar ƙwaƙwalwa.

"Wannan baƙin yana jin wayifai,
kana Kawo za ka leƙa tankinka ta waya."
Idon Zuwaira ya kama kamar fitilar babur.
Na ce, "Tankin da nake gani ta tagar ɗakina?
In aika masa saƙo, ya ce min zai yi ƙaura?"
Jatau ya dara. "Kuma shagwaɓaɓɓe ne, Baba,
bolt uku da ɗoriya ƙafarsa ke ɗauka,
ka ɗura mata biyar, sai ƙauri da ƙonewa."

Na biyu siriri, bai kai ɗan yatsana ba,
kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba.
Sai dai ƙafafunsa a leda suke, sai an liƙa da dalma.
Na dubi hannun nan da ya ɗaure dubban notina,
yau ko shayi ya riƙe, sai ya yi rawa.

Jatau ya ce, "Ƙirga min abin da za ka ɗora masa."
Na ƙirga: mai jin ruwa a sama, wani a ƙasa,
makunnin da zai tsai da inji, da 'yar fitila.
"Huɗu ke nan. To wa ke hayar tirela
don buhun gawayi ɗaya da ƙullin daddawa?"

Ya turo shuɗin, mai faɗin tafin hannu.
Ramuka a jere, kowane da lambarsa,
ka soka waya, in ka yi kuskure ka zare.
Cajar waya ta ishe shi abinci.
In ƙwaƙwalwar ta ƙone, a cire ta kamar haƙori,
a dasa wata, allon na nan bai san komai ba.
"Rabin yaran Poli da shi suka buɗe ido.
Turbar da ƙafa ta yi wa yawa,
ƙayarta ba ta da yawa."

Zuwaira ta zumɓura baki har gida.
Kwana uku muna gaban kwamfutar maƙwabci,
allo ya yi gum kamar mai jin haushinmu.
Na zargi Jatau, na zargi 'yan Chana,
ashe abin da ya ɓace a layi na tara
waƙafi ne, waƙafi mai ruwa.

Ta ɗiga shi. Fitila ta ƙyafta, ta rufe, ta ƙyafta.
Na yi kabbara har akuya ta zabura.
Ita ko kallona ba ta yi ba,
tana sauya lamba don ta ƙara masa sauri.

Tanki dai har yau yana amansa.
Makunni sai Asabar, in fansho ya shigo,
babbar waya kuma aikin Tanko mai gyaran wuta ne,
ba na wasa da abin da ba ya jin ban haƙuri.
Jiya na ga asusun gwangwani ƙasan gadonta,
ta manna masa takarda, da kuɗin baƙin a rubuce.
Na jefa ɗari biyu, na yi kamar ban ga kowa ba,
na ɗauki bokiti na koma kwasar ruwa.